Gefen da Aka Yanke: Nazarin Hoton Matafiyi a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya taɓa neman hoton Kano a intanet ya san abin da zai gani tun kafin shafin ya gama buɗewa: dattijo a bakin karofi hannunsa ya rine da shuni, mahayi cikin lifidi ranar hawan Daushe, sai kuma shimfiɗar gari daga kan Dala. In Katsina ce, Gobarau. In Agadas ce, hasumiyar babban masallaci da rana tana faɗuwa a bayanta. In Damagaram ce, bangon wani gida a unguwar Birni da zanensa. Hotunan nan sun yi ta maimaita kansu har sun zama wani fanni mai dokokinsa, ko da yake ba wanda ya zauna ya rubuta dokokin. Babbar dokar kuwa ita ce a yanke gefe. A matsa kaɗan don kada babur ya fito, a sunkuya don wayar lantarki ta ɓace, a jira yaron da ke sanye da rigar ƙwallo ya wuce.

Wannan ido yana da asali. A watan Fabrairun 1851 matafiyi Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano, ya hau Dala ya zana garin. Da ya koma Turai, mai zane Bernatz ya gyara zanen aka buga shi a littafin tafiyar Barth. Tun daga nan kan Dala ya zama matsayar baƙo. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, kyamara ta biyo bindiga: ganuwa, ƙofofi, kasuwa, raƙuma, aka riƙa buga su a katin wasiƙa ana aikawa gida Ingila. Abin da masu sayen katin ke so shi ne ƙasar da zamani ya tsaya mata cak. Abin mamaki shi ne yau ɗan gari ma, da wayarsa a hannu, wannan idon ya gada. Yana tsayawa inda baƙo ya tsaya, yana yanke abin da baƙo ya yanke.

Mu je karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa an kafa tun 1498, don nan ne fannin ya fi bayyana halinsa. Da hantsi za ka tarar da marini zaune a bakin ramin, ya tsoma yadi ya juya shi cikin ruwan, ya ɗago. Wanda bai sani ba zai yi mamaki, domin yadin kore-kore yake fitowa. Sai ya sha iska a gaban idonka launin ya juya ya koma shuɗi. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, haka za a yi ta yi har launin ya kai inda ake so, kuma mai duhu sosai yakan ci sa'o'i. Ruwan kansa ba jiya aka haɗa shi ba: baba da toka da kanwa ne aka zuba a rami mai zurfi aka bari suka yi makonni suna ruɓa. Baƙo kan zo, ya ɗauki fuskar dattijon da hannunsa, cikin minti biyar ya koma mota.

Me ya bari a baya? Ya bar lokaci, wanda shi ne jarin sana'ar. Ya bar matan da suka zauna a cikin gida da zare da allura suka ƙulla yadin kafin ya zo karofi, alhali zanen da ake yabo a jikin yadin aikin yatsunsu ne. Ya bar mabuga, waɗanda ke zaune a rumfa suna dukan yadi da guduma ta icce a kan gungume, biyu-biyu, da amo kamar kiɗa, har ya yi sheƙi. Irin wannan bugun ne ya sa turkuɗin Kura ya yi suna har cikin Azbin, inda Buzaye ke naɗa shi yana barin shuni a fuska. Sannan ya bar ramukan da ke bayansa, waɗanda suka bushe suka cika da ƙasa da leda saboda yadin kanti da sinadarin rini sun kwashe kasuwa. Hoton bai yi ƙarya ba, kowane abu da ke cikinsa gaskiya ne. Amma ya mai da sana'a mai hannu da yawa ta zama tsoho guda a bakin rami.

A wajen gini ma haka abin yake, sai dai nan haske ne ke fara tona mai hoto. Ginin ƙasa ba ya son rana tsaka; tana shafe masa fuska, dagin da ke saman ƙofar zaure ya kwanta kamar ba shi. Da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa daga gefe, shi ne kowane layi ke samun inuwarsa, zanko ya miƙe, har sawun yatsun magini ya fito a jikin yaɓe. Hazon hunturu kuwa, da masu hoto ke kuka da shi don ya hana sama yin shuɗi, shi ne ke ba bango launinsa na gaskiya ba tare da ƙyalli ba. Wannan duk ana koya cikin mako guda. Abin da ya fi wuya shi ne a gane cewa ginin ƙasa mai rai ne, kowace damina tana cin rabonta, kowane rani ana mayar masa. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sake ta a 1844, itatuwan da suka huda jikinta ba don ado kawai suke ba. Su ne matakalar magina idan za a yi yaɓe. Hoto guda na ranar yaɓe, da mutane maƙale a jikinta da ƙasa a hannu, ya fi hoton faɗuwar rana ɗari gaya maka dalilin da ya sa take tsaye har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Nan ne amfanin hoto na ainihi yake, wato ya zama shaida. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarki Abdulkarimu, yanzu sabon gini ya lulluɓe shi. Wanda ke son ganin yadda siffarsa take a da, sai ya koma ga hotuna da awon da masana irin su Zbigniew Dmochowski suka yi, ko ya je Jos ya ga kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. Ganuwar Kano, da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, tana zaizayewa a idonmu, ƙofofi da dama an sake su da siminti. Hoton ganuwa da aka rubuta wa wuri da rana da shekara zai iya zama hujja gobe. Wanda ba shi da suna ba shi da kwanan wata, ado ne kawai. Mai ɗaukar hoto J. D. 'Okhai Ojeikere ya nuna hanyar: daga 1968 ya yi shekaru yana ɗaukar kitson matan Nijeriya, wajen dubu, yana adana sunan salo da inda ya same shi. Da an yi wa ɗinkin hula, da zanen ƙwarya, da aikin dukawa irin wannan hidimar, da muna da taska.

Saura ladabi, wanda a ƙasar Hausa ba ƙari ba ne a kan aikin, ƙofarsa ce. Na ga saurayi ya durƙusa gaban marini, bai yi sallama ba ya ɗaga waya. Dattijon ya dakata da yadi a hannu ya ce, "Yaro, ba a gaisawa a garinku?" Saurayin ya ce, "Yi haƙuri, Baba, ina kwana?" Aka gaisa, aka tambayi gida, sannan tsohon da kansa ya nuna masa inda zai tsaya ya ga juyawar launi. Wasu kan yi gunaguni idan an ce su ba da na goro, suna ganin roƙo ne. Amma mutumin da masu ɗaukarsa hoto suka fi masu sayen yadinsa yawa, in ya nemi wani abu bai yi laifi ba. Mafi kyau ma ka sayi yadi. Zaure kuma iyaka ne. An gina shi ne don baƙo ya tsaya, an ɗaga katanga don tsakar gida ta suturtu. Ƙaramin jirgin nan marar matuƙi da ake tashi da shi don ɗaukar gari daga sama ba ya sallama, kuma yana leƙa inda ko maƙwabci ba ya leƙawa. Hoton tsohon birni daga sama yana da kyau ƙwarai, amma a cikinsa akwai matan da ba wanda ya nemi izininsu.

Abin lura game da Barth shi ne, yau ba zanen kan Dala ne ya sa masana ke komawa gare shi ba. Abin da ya rubuta a gefe ne: sunayen unguwanni, farashin kaya da kuɗin wuri, inda tufafin Kano ke zuwa, da ƙiyasinsa cewa mazauna garin sun kai dubu 30. Abin da kowa ya sani a wancan zamanin, har ba a ganin ya isa a rubuta, shi ne ya zama zinariya. Haka babur ɗin da muke matsawa don kada ya fito, da ledar da ke cikin busasshen rami, da yaron mai rigar ƙwallo, wanda wataƙila jikan marinin ne, kuma shi ne zai yanke ko sana'ar ta ɗore ko ta tsaya a kan kakansa. Idan ka gama ɗaukar dattijon a bakin karofi, kada ka yi saurin sa waya a aljihu. Juya ka ɗauki abin da ke bayanka, ka tambayi sunansa, ka rubuta ranar.