Taswirar da ke ƙirga masu barci: Fagge da Sabon Gari a rumbun GRID3

Idan kana da kwamfuta da ɗan data, yau za ka iya yin aikin da a da sai ma'aikatan safiyo. Ka sauke manhajar QGIS, kyauta ce. Ka shiga rumbun bayanan GRID3, ka ɗauko iyakokin mazaɓu, da wuraren asibitoci da makarantu, da ƙiyasin yawan jama'a wanda masanan WorldPop na Jami'ar Southampton a Ingila suka lissafa. Ka jera su ɗaya bisa ɗaya, ka matso da Ƙaramar Hukumar Fagge. Za ka ga an yayyanka ta gida-gida kamar allon dara, kowane gida mita 100 tsawo da faɗi, kowanne da adadin mutanensa.

Aikin ya cancanci yabo. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka ce Fagge na da mutum kusan dubu 200, kuma wadda aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi. Maimakon a yi ta ninka tsohon adadi, masanan sun bi wata hanya: an tura ma'aikata sun ƙirga mutane a zaɓaɓɓun ƙananan yankuna, an gano gine-gine daga hotunan tauraron ɗan adam, sannan lissafi ya cike sauran wuraren da ba a taka ba. Tushen aikin yana cikin yaƙi da shan inna a Arewa, inda ake buƙatar sanin ƙauyen da masu rigakafi suka tsallake. A can ya yi rana.

To, ina matsalar? Ƙiyasin yana ƙirga mutum ne a inda yake kwana. Ga mai neman yara gida-gida, hakan daidai ne. Amma Fagge da rana take rayuwa. A cikinta Kantin Kwari yake, da Kasuwar Singa, da Kasuwar Sabon Gari. Kowace safiya 'yan kasuwa da yaran shago da 'yan dako da masu a-daidaita-sahu suna kwararowa daga Kurna, Hotoro, Gwale da sauran unguwanni, ga baƙin Nijar da Chadi masu sarin atamfa da shadda. Duk waɗannan an rubuta su a inda katifarsu take. Wato a kan allonka, layin da ba ka samun wurin sa ƙafa da azahar zai iya fitowa fayau, kamar ba kowa.

Kada ka ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya masu ɗimbin yawa. Yanzu ka ƙaddara an ba wani jami'i aikin tsara inda za a fara gyaran magudanan ruwa, ko inda za a ajiye motar kashe gobara. Abu mafi sauƙi a manhajar shi ne ya ɗora taswirar wuraren ambaliya a kan ta yawan jama'a, ya ce kwamfuta ta tara masa mutanen da ke cikin haɗari. Lissafin zai fita tsaf, ba kuskure ko ɗaya, amma kasuwa za ta faɗo ƙasan jeri, alhali nan ne abincin dubban gidaje yake. Tambayar rana aka yi wa taswirar dare.

Akwai wani rumbun, LandScan na Amurka, da ke ƙoƙarin nuna matsakaicin inda mutane suke cikin awa 24. Sai dai kowane gidansa kusan kilomita guda ne, ka ga kasuwa da unguwannin gefenta duk sun narke cikin ɗigo ɗaya.

Ko a ƙirga masu barcin ma, sai ka yi hattara. Tauraro rufi yake gani. Sabon Gari, wadda aka kafa wa baƙi bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, cike take da benaye da gidajen haya masu ɗakuna a jere, kowane ɗaki da iyalinsa. Daga sama, rufin bene mai hawa uku da rufin sito ba su da wani bambanci sosai. Masanan sun san da haka, shi ya sa suke fitar da kowane ƙiyasi tare da iyakarsa ta ƙasa da ta sama. Amma wanda ya buɗe fayil ɗin ya shafa masa launi, adadi ɗaya yake gani, kuma kyan launin kan sa shakka ta gushe. Nan ne nake ganin gazawar: gargaɗin yana cikin takardar bayani da ba kowa ke buɗewa ba, bai hau fuskar taswirar ba.

Saboda haka, in za ka yi aiki da ita, fara da tambayar kanka: mutanen wane lokaci nake nema? In rabon gidan sauro ne ko rigakafi, bismillah, ta fi alƙaluman 2006 kusa da gaskiya. In maganar gobara ce, ko kwata, ko cunkoson titi, sai ka haɗa da rajistar shaguna ta ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ka kuma sa a tsaya bakin ƙofofin kasuwa a ƙirga masu shiga. Sannan duk taswirar da za ka miƙa wa kansila ko shugaban ƙaramar hukuma, ka rubuta a jikinta ɓaro-ɓaro cewa wannan adadin masu kwana ne.