Ching Tang da Maƙalar da Ta Haifi Allon OLED

A shekarar 1987 mujallar Applied Physics Letters ta buga wata maƙala mai shafi uku kacal, wadda Ching Tang da abokin aikinsa Steven Van Slyke na kamfanin Kodak a Rochester ta Amurka suka rubuta. Tang haifaffen Hong Kong ne, ya yi digirin dakta a Jami'ar Cornell a 1975, ya kuma shiga Kodak a wannan shekarar. Yawan rubuce-rubucensa bai kai na wasu takwarorinsa ba, amma kaɗan ne suka bar sawu irin nasa.

Tun cikin shekarun 1960 masana sun san cewa wasu sinadarai masu tushen kabon kan fitar da haske idan aka ratsa su da lantarki. Matsalar ita ce ƙarfin wutar da suke buƙata ya kan kai ɗaruruwan volt, don haka abin bai wuce ɗakin gwaji ba. Dabarar Tang ita ce raba aiki tsakanin shimfiɗa biyu siraran gaske, kowacce kaurinta bai kai nanomita 100 ba. Ɗaya tana jigilar caji mai alamar ƙari (+), ɗayar kuma, wato sinadarin Alq3, tana jigilar ilektiron. A kan iyakarsu suke haɗuwa, a nan koren haske yake fita. Da wutar da ba ta kai volt 10 ba, na'urar, wadda ake kira OLED a yau, ta ba da hasken da ya zarce kandela 1000 a kowace murabba'in mita.

Abin da ya fi burge mai karatu shi ne wannan tunani ba daga sama ya faɗo ba. A 1986 Tang ya riga ya gwada tsarin shimfiɗa biyu a wata na'urar samar da lantarki daga hasken rana, wadda ingancinta ya kai kusan kashi 1 cikin ɗari. Fikira ɗaya ce ta buɗe fannoni biyu. A 1989 kuma ya nuna cewa ɗigon rini kaɗan cikin shimfiɗar da ke fitar da haske yana sauya launi, yana ƙara haske.

Maƙalar 1987 ɗin tana da raunukanta. Ta fi ƙarfi wajen nuna abin da ya yi aiki fiye da bayyana dalilinsa, kuma marubutan da kansu sun ambaci yadda hasken ke dusashewa idan na'urar ta daɗe a kunne. Wasu ne suka cike giɓin: ƙungiyar Richard Friend a Kambirij ta yi amfani da polima a 1990, sannan a 1998 Stephen Forrest da Mark Thompson suka kawo hanyar cin moriyar makamashin da ke salwanta. Har yau launin shuɗi ne ya fi saurin lalacewa.

Duk da haka, kowa kan harsashin Tang ya ɗora ginin. Kamfanin Pioneer ya sa allon OLED a rediyon mota a 1997, Sony ya fitar da talbijin mai irin allon a 2007, Tang kuma ya karɓi lambar yabo ta Wolf a 2011 da ta Kyoto a 2019. Ɗalibin da ke son koyon yadda ake zaɓar tambaya ɗaya a warware ta sarai, ya fara da karanta wannan aiki.