WAI MECE CE DIRAMA?

'Yan uwana mata, akwai wata kalma da ta daɗe tana damuna, ita ce dirama. Rannan na je gidan suna na tarar da wata amarya a ƙuryar ɗaki tana kuka, wai kwana uku ke nan maigidanta bai bar mata kuɗin cefane ba. Budar bakin uwar mijin sai cewa ta yi, "Ke dalla rufe mana baki, kin cika dirama." Mata suka kwashe da dariya, yarinya ta haɗiye kukanta, magana ta mutu.

Mu dai daga bakin Turawa muka tsinci kalmar, su ma daga Girkawa suka aro ta, kuma can asalinta tana nufin aikatawa ne. Mu kan ce wasan kwaikwayo. Ba baƙon abu ba ne gare mu, don tun muna ƙanana muke aurar da 'yar tsana, in azumi ya kai goma kuma mu fita tashe, ana yin Mairama da Daudu ana nuna yadda zaman aure yake. Daga baya aka sami na littafi irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma, sai na talabijin irin su Samanja da Karkuzu, har aka zo kan Turmin Danya da 'yan Tumbin Giwa suka yi a Kano a 1990.

To duk wadda ta karanta Uwar Gulma a makaranta ta san wuyar da Halima ta sha a hannun Hayatu. Shin ƙarya aka yi? Wallahi akwai irin Halima a kowace unguwa. Sunayen ne kawai na ƙirƙira, amma halin namu ne.

Abin takaicin shi ne yanzu mun mayar da kalmar ta zama ƙarya da shirme. A ce wa yarinya 'yar dirama, zagi ne. Mace ta faɗi damuwarta, a ce dirama take yi. Ban musa ba, akwai masu suman ƙarya don kishiya ta shiga uku. Amma don wata ta yi na ƙarya sai a ƙi sauraron mai gaskiya?

Don Allah 'yar uwa, in kin ga mace tana kuka, tambaye ta abin da ya same ta tukuna kafin ki ce dirama ce. Allah ya sa mu gane, amin.