"A ƙara mata haske"

Bidiyon bikin ƴar kawuna ya iso gida kwana goma bayan ɗaurin aure. Muka taru a tsakar gida a Maradi, aka jingina waya jikin kwano, kowa ya matso. Kakarmu ta kalli abin kamar minti biyu, sannan ta ce: "To ita wannan ƴar wa ce?" Aka kwashe da dariya, amma ita ba wasa take ba. Amaryar baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi. A bidiyon kuwa fuskarta ta koma kalar ɓawon lemu, wuyanta ya yi toka-toka, farar shaddar ango ta ƙone ƙurmus har ba ka ganin aikin da aka yi wa wuyan rigar. Inuwar bango kuma duk ta yi shuɗi, kamar an yi bikin a ƙarƙashin ruwa.

Na je wajen wanda ya yi montaj ɗin. Sa'ana ne, kuma ba shi da girman kai. Na tambaye shi me ya faru, ya ce: "Wallahi su suka ce a ƙara mata haske." A nan kunnena ya tsaya, don abin da nake karanta a jami'a ke nan, kalmomi da aikin da suke yi.

Haske a bakinmu yana ɗaukar kaya da yawa. Akwai hasken rana da na fitila, akwai hasken fata, akwai ma hasken fahimta. Uwar amarya da ta ce a ƙara haske, wanne take nufi? Mai yiwuwa ɗakin ne ya yi duhu, tana son a ga fuskar ɗiyarta. Mai yiwuwa kuma so take a yi wa yarinyar abin da man shafawa ke yi. Mai montaj bai tambaya ba. Ya ja madannin haske har ƙurya, ya yi duka biyun a lokaci guda, ya ɓata duka biyun. Abin haushin shi ne harshenmu bai rasa kalmomi ba. Kakata tana bambanta baƙi da wankan tarwaɗa da ja da fari. Tana cewa baƙi ƙirin, ja wur, fari fat, kore shar. Duk wannan arziki, da mun zauna gaban kwamfuta sai ya tsuke ya koma kalma ɗaya.

Ba bidiyon gidanmu kaɗai ba ne. Ku duba waƙoƙin da ake turo mana daga Zinder da Yamai, da gajerun finafinan da mu ɗalibai muke yi. Kusan duk fuska ɗaya gare su: fata ruwan lemu, inuwa shuɗiya. Asalin abin wani tace-launi ne da ake kira lut, wanda ake saukewa kyauta a intanet a ɗora bisa hoto gaba ɗaya. An gina irin waɗannan don kwaikwayon finafinan Amurka, kuma da yawansu an yi su ne don hoton manyan kamarori da ke fitowa a dusashe da gangan. Hoton waya kuwa ya riga ya fito da launinsa cikakke. Ɗora masa lut kamar ƙara gishiri ne a miyar da aka riga aka sa wa. Ga ƙasarmu da ma ja ce, ga hazon hunturu da ke rina komai. Sai ka ga an ɗauki Birni a Zinder ya fito kamar cikin tanda.

Ni ba ƙwararre ba ne, ɗan abin da na iya a DaVinci Resolve na kyauta na koya, bisa kwamfutar aro. Amma abu ɗaya na riƙe: gyara daban, ado daban, kuma gyara ne ke fara zuwa. Ka fara da neman abin da ka san fari ne a cikin hoton, rawani ko takarda ko bango, ka daidaita shi ya zama fari na gaskiya. Hasken rana yana wajen kelbin 5600, tsohon ƙwan lantarki mai ja-ja yana wajen 3200. In an ɗauki amarya a ɗaki da ƙwai a kunne, taga kuma a buɗe, rabin fuskarta zai yi ja, rabi ya yi shuɗi, kuma ba lut ɗin da zai raba wannan gardama. Tun wajen ɗauka ake kashe ɗaya. Bayan fari sai ka daidaita duhu da haske, ka tabbata shadda ba ta ƙone ba. Sannan ka jera hotunan kusa da juna, ka ga na tsakar gida da na ɗaki sun yi kama da rana ɗaya. Ado shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan.

Akwai wani ma'auni a Resolve mai kama da agogo, bektoskop, da ɗan layi a jikinsa na launin fata. Abin da ya ba ni mamaki ranar da na gane shi: fatar Bahaushe da ta Bature da ta Basine duk kusa da layin nan guda suke faɗawa. Bambancinsu a yawan duhu yake, jinsin launin kusan ɗaya ne. Ke nan in fuska ta yi duhu a hoto, maganin shi ne ka zagaye fuskar kaɗai ka ɗaga tsakiyar haskenta kaɗan, launin ya tsaya bisa layi. Ido zai fito, murmushi zai fito, mutum kuma yana nan da baƙinsa. Wannan shi ne hasken da na tabbata uwar amarya ta fi buƙata, ko da bakinta ya faɗi wani.

Kada mu ɗauka na'ura ba ta da ɓangare. Shekaru da dama, tun wajen 1950 da wani abu, kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton farar mace, da shi ake saita injin. Duk wanda ya fi ta duhu sai dai ya yi haƙuri da yadda ya fito. Yau kuma wayoyi da yawa suna zuwa da gyaran fuska a kunne, suna murje fata tun kafin ka taɓa komai. Ka shiga saitin kamara ka kashe shi.

Sauran matsalolin da abokina ya yi ta kuka da su ƙanana ne. Murya tana tsere wa baki bayan minti goma? Waya ce ke ɗauka da gudun da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka bi da bidiyon ta HandBrake ka mayar da shi hoto 25 a daƙiƙa, tsayayye, kafin ka fara yanka. Fitila tana kyaftawa a hoto? Wutarmu mai bugu 50 ce, ka ɗauka a 25 maimakon 30. Hoton iPhone ya fito fari fat a kwamfuta? HDR ne a kunne. Kwamfuta tana shaƙewa? Ka yi aiki da ƙananan kwafi, manyan su jira ranar fitarwa. Babban laifi dai shi ne karɓar ɗanyen bidiyo ta WhatsApp: yana matse shi, kuma wurare masu duhu ne ke fara dagargajewa, wato daidai inda fuskokinmu suke. A turo shi a matsayin takarda, ko ka taka da ƙafarka ka karɓo katin.

Ban ɗora wa abokina laifin duka ba. Biki uku yake haɗawa a mako, kuɗin ba su taka kara sun karya ba, wuta tana ɗaukewa yana tsakiyar aiki, allon kwamfutarsa kuma shi kansa shuɗi yake nunawa. Amma ba a rasa abin koyi a gida ba. Wanda ya kalli fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya ga samarin Kara-Kara da fatarsu yadda take, cikin rana da ƙura, kuma ba ka taɓa rasa idon kowa.

Mun zauna dare biyu ni da shi, muka sake gyara minti huɗu na wajen kamu. Aikin wuyan rigar ango bai dawo ba, abin da ya ƙone tun wajen ɗauka ya tafi. Amarya dai ta dawo kamanninta. Kaka ta gani ta ce, "Yawwa, ga ƴar nan." Na tura wa amaryar duka biyun ban ce komai ba. Da yamma na duba abin da ta ɗora a wayarta don ƙawayenta su gani, sai na tarar da mai ruwan lemun.