Waya a Matsayin Allo: Koyon Harshe a Fadamar Haɗeja

Duk wanda zai yi maganar karatun yara a ƙasar Haɗeja, dole ya fara da ruwa. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su haifi kogin Haɗeja, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kachala ta samu gindin zama tana toshe magudanai. A daminar 2020 da ta 2022 ambaliya ta ci garuruwa a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma, makarantun da ruwa bai shiga ba kuwa da yawansu suka koma masaukin waɗanda suka rasa muhalli. In ruwa ya janye, sai aikin rani ya taso: shinkafa, alkama, tattasai, ga kuma su. Karatun yaron fadama karatu ne mai yawan yankewa, shi kuwa harshe, Turanci ne ko Larabci ko rubutun Hausa, ba ya jure yankewa. Abin da aka bari wata biyu ba a maimaita ba, sai an sake shi daga tushe. Wannan giɓi shi ne ma'aunin da ya kamata a auna wayar salula da shi a nan, kuma ra'ayina shi ne tana iya cike shi, amma da sharaɗin a ɗauke ta a matsayin allo, malam yana nan a gurbinsa.

Tsangaya ta daɗe da warware matsalar da masu tsara manhaja suke ta fama da ita. Karatun allo gaɓa uku ne. Malam ya biya wa almajiri, almajiri ya koma gefe yana ta nanatawa da ƙarfi har ya zauna masa, sannan ya dawo ya karanta a gaban malam, a gyara masa, in ya iya a ce ya wanke a yi masa ƙari. Allon gaɓar tsakiya kawai yake riƙewa, wato lokacin da ɗalibi yake shi kaɗai. Bai taɓa jin kuskuren kowa ba, bai taɓa yanke cewa lokacin ƙari ya yi ba. Waya ma iyakarta ke nan, sai dai ta fi allo da abu guda mai girma: tana riƙe murya.

Hujja mafi kusa tana maƙwabta. A 2009 da 2010 ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci cikin Hausa da Zabarmanci a jihohin Dosso da Damagaram na Nijar. A wasu ƙauyukan an ƙara wa ɗalibai darasin amfani da ƙaramar waya da rubuta saƙo, aka ba su wayoyi suna amfani da su rukuni-rukuni, a wasu kuma ba a ƙara ba. Jenny Aker da abokan bincikenta sun gano cewa masu wayar sun fi cin jarrabawar rubutu da lissafi, kuma bambancin bai gushe ba bayan an rufe aji da watanni. Abin lura shi ne babu wata manhajar koyarwa a cikin wayoyin. Malamai da littattafai iri ɗaya ne a ko'ina. Abin da wayar ta ƙara shi ne dalilin yin rubutu a wajen aji, domin manomin da yake son tambayar farashin gero ko ya aika wa ɗan'uwansa saƙo a ci-rani ba ya jiran a ba shi aikin gida. A Jigawa kuma, shirin horar da malamai na TDP, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2013, ya bi ta wata ƙofar: ya ba malaman firamare wayoyi ɗauke da darussan sauti da bidiyo a katin memori, ba sai da intanet ba. Nan kuwa a hannun malami aka sa wayar, don ya ji yadda ake furta Turancin da zai koyar.

Masu cewa talauci ya rushe wannan magana suna tunanin babbar waya ne da data da wutar lantarki. Amma hanyar rarraba sauti ta riga ta kafu ba tare da gwamnati ba. Mai shagon caji da injinsa ko farantin sola, da mai tura waƙoƙi da fina-finai da wa'azi a kasuwa, su suka kai karatun manyan alarammomi ƙauyukan da jarida ba ta taɓa zuwa ba. Hanyar da ta ɗauki tafsirin azumi za ta ɗauki darasin minti biyar na haruffa. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na 'ya'ya mata, domin a gidaje da yawa wayar ta maigida ce, kuma iyaye suna da dalilinsu na ƙin damƙa wa budurwa waya. Amsar ita ce darasin ya zama na gida, a kunna shi a tsakar gida bayan magariba kowa yana ji, kamar rediyo, malama kuma ta saurari karatun yarinyar in an koma aji.

Akwai kuma kukan malaman Hausa cewa waya ta lalata ƙa'idar rubutu, kuma gaskiya suka faɗa. Matasa suna rubuta kura suna nufin ƙura, su rubuta bata suna nufin ɓata, su haɗe kalmomin da ake rabawa. Sai dai laifin ya fi komawa ga aji. Madannin Gboard yana da ɓ da ɗ da ƙ, kuma sa shi a waya ba ya cin minti biyu, amma yaro ba zai nemi harafin da ba a taɓa rage masa maki a kansa ba. Ba a taɓa samun zamanin da 'yan Haɗeja suke rubuta Hausa kullum kamar wannan ba. Malamin da ya kawo saƙonnin WhatsApp marasa suna aji, ya sa a gyara su a kan allo, ya samu littafin nahawun da ɗalibai suka rubuta da hannunsu.

Sannan wane harshe ake nufi? Ana yin maganar kamar Turanci kaɗai ake koyo. Fadamar nan ta riga ta binne harsuna: na Auyokawa da na Teshenawa sun mutu, Hausa ta shanye masu su, ba a bar muryar ko mutum ɗaya da za a saurara ba. Badanci a wajen Guri, da Manganci a Birniwa da Kiri Kasamma, da Fillancin makiyayan da suke sauka fadama da rani suna nan da rai, kuma yaran gidajen sukan shiga aji ɗaya a koyar da su da Hausa suna fafutukar Turanci a lokaci guda. Da wuya kamfani ya yi musu manhaja, kasuwar ta yi ƙanƙanta. Amma ɗalibin Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ko na Kwalejin Ilimi ta Gumel da aka tura aikin koyarwa yana da na'urar naɗar murya a aljihunsa. Zai iya naɗar tatsuniyar kaka da sunayen kifaye da kayan su a harshensu, ya rubuta su, ya mayar wa makarantar ƙauyen a katin memori kafin ruwan Agusta ya datse hanya.