Wane Aminun Kake Nufi?



Makon jiya ina duba takardun gwajin ɗalibaina na aji biyar, sai na ci karo da wata amsa da ta sa na ajiye jan biro. Tambayar ita ce, wa ya rubuta littafin Shaihu Umar? Yaro ya rubuta "Abubakar", ya ɗiga aya, ya wuce abinsa. Da na kira shi na ce wane Abubakar ɗin, Imam ko Tafawa Ɓalewa, sai ya ce, "Malam, ai ko wanne ne dai na ci rabin maki." Ka ji wayo. Ya san su biyun duk sun shiga gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933, ɗaya da Ruwan Bagaja, ɗaya da Shaihu Umar. Ya manta wa ke da wanne, sai ya laɓe a bayan sunan da suka yi tarayya a kai. Na yi dariya, amma ko rabin ban ba shi ba.

To, yaro dai yaro ne. Abin da ke damuna shi ne, manya masu rubutu a jaridun intanet da Facebook irin wannan suke yi mana kullum, su kuwa ba mai rage musu maki.

Bari mu ɗauki sunan Aminu. Akwai Malam Aminu Kano, jagoran NEPU da PRP, wanda ya rasu a 1983. Akwai Alhaji Aminu Ɗantata, attajirin Kano, wanda ya rasu a watan Yunin 2025. Akwai mawaƙi Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa. Akwai Aminu Bello Masari, kakakin Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007, gwamnan Katsina daga 2015 zuwa 2023. Sai kuma namu na gida, Dakta Aminu Safana, likita, wanda ya wakilci Batsari da Safana da Ɗanmusa, ya faɗi a zauren Majalisar Wakilai a watan Oktoban 2007, Allah ya karɓi ransa. Mutum biyar ke nan, suna ɗaya, kowa da fagensa. Waɗannan su ne takwarori na ainihi, masu suna ɗaya, tun kafin gidajen rediyo su faɗaɗa kalmar su riƙa cewa shugaban ƙasa ya gana da takwaransa na Nijar.

Ka taɓa jin wani dattijo ya rikita waɗannan mutane a hira? Da wuya. Dalili kuwa, Bahaushe ya daɗe da sanin cewa sunayen yankansa ba su da yawa, kusan duk na annabawa ne da sahabbai, sai ya tanadi hanyoyin rarrabewa.

Akwai sunan gari. Wannan ya ƙara ƙarfi da zuwan makarantun boko, inda malami ke da Ahmadu huɗu a aji ɗaya, dole ya san wanda zai kira. Shi kansa Sardauna, lokacin da yake karatu, Ahmadu Raba ake ce masa, da sunan garinsu. Haka muka samu Isa Kaita da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. Akwai sunan uba ko na gida, irin su Ɗantata. Akwai laƙabi da sana'a, wanda har yau shi ne ya fi aiki a kasuwar Batsari: wane mai shayi, wane direba, wane dogo. Dubi ma yadda aka yi da Aminu Ladan Abubakar. Haruffan farkon sunayensa ne suka ba da Ala, harshen ya karɓe shi a matsayin suna, ya liƙa masa -n ta mallaka, ya zama Alan Waƙa. Sai kuma sarauta, wadda ba ta tafiya sai da garinta: Sardaunan Sakkwato, Tafidan Katsina, Sarkin Ruma.

A duk waɗannan hanyoyi, lura da abu ɗaya. Sunan yanka shi ne kai, sauran kuwa jela ce da aka ɗaura masa don a gane shi. Kuskuren marubutanmu na yanzu shi ne su yar da kan, su riƙe jelar, saboda haka suka ga jaridun Turanci na yi. Bature yana da sunan zuriya, da shi ake kiransa a rubutu. Mu kuma namu tsarin daban ne, kuma idan aka tilasta masa wancan, ɓarna uku ke biyowa.

Ta farko a jinsi take. Sunan gari mace ne a Hausa. Kano ta cika, Katsina ta yi zafi, Safana ta samu ruwa. Na taɓa ganin wanda ya fassaro tarihin Malam Aminu Kano daga Turanci, sai ga shi yana rubuta "Kano ya kafa jam'iyya", "Kano ya rasu a 1983". Kunnen Bahaushe ba ya karɓar wannan, ko ɗan firamare zai ji wani abu ya goce. Na san wani zai ce, ai Malam muna cewa Shagari ya ce, Masari ya ce, Kwankwaso ya ce. Gaskiya ne, ban musa ba. Wannan yana yiwuwa ne idan garin ƙarami ne, mutumin kuma ya yi shuhura har sunansa ya rinjayi na garin a kunnen jama'a. Mutum nawa ne a wajen jihar nan suka san Masari gari ne a ƙasar Ƙafur? Amma Kano da Katsina da Zariya sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Ba wanda ya taɓa kiran Janar Hassan Usman Katsina da "Katsina" a Hausa, ba kuma wanda ya kira Mamman Shata haka.

Ta biyu, gida ɗaya kan fitar da fitattu da yawa. Ka rubuta "'Yar'aduwa ya rasu", wa kake nufi? Musa, ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko? Ko ɗansa Janar Shehu, wanda ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamban 1997? Ko ƙanen Shehun, Umaru, wanda ya rasu yana shugaban ƙasa ranar 5 ga Mayu, 2010? Haka Gumi. A 2021, lokacin da kanun labarai suka cika da "Gumi ya shiga daji ya gana da 'yan bindiga", wata ɗalibata ta tambaye ni ko shi ne malamin da ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa. Na ce mata wancan Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ne, ya rasu tun 1992, wannan ɗansa ne, Dakta Ahmad. Laifin yarinyar ne? Ita abin da aka rubuta ta karanta. Kalma ɗaya tak, Ahmad, da ta raba gardama.

Ta uku, yanke wa sarauta garinta. A Safana idan ka ce Yarima ya zo, kowa ya san hakimi kake nufi, Yariman Katsina. Mutumin Zamfara kuwa hankalinsa kan Ahmad Sani Yariman Bakura zai tafi, gwamnansu daga 1999 zuwa 2007. Haka Matawalle. Musa 'Yar'aduwa Matawallen Katsina ne, ɗansa Umaru ya gaje shi, ga kuma Bello Matawallen Maradun da ya yi gwamnan Zamfara daga 2019 zuwa 2023. A cikin gari, gutsurewar ba ta da illa, kowa ya san nasa. Amma abin da ka rubuta a waya ba ya tsayawa a garinku. Af, tun da muna nan: Yarima da Sardauna da Tafida da Galadima duk da wasalin a suka ƙare, amma maza ne, -n suke ɗauka. Mai rubuta "Galadimar Katsina" ya gyara.

Akwai kuma masu yin akasin haka, su kawo kan ba jela, irin ɗalibin nan nawa. Wannan shi ya fi tsorata ni, saboda halin da yankinmu ke ciki. A daminar bara wani ya turo saƙo a wani zauren WhatsApp da nake ciki, ya ce an ɗauke Malam wane a hanyar gona. Sunan yanka kawai ya sa, ba uba, ba gari, ba laƙabi. Mu uku muka san masu wannan suna daban-daban. Ɗaya daga cikinsu ya tafi Katsina a ranar, wayarsa ba ta shiga. Kafin la'asar gidansa ya cika da mata ana ta salati, mahaifiyarsa tsohuwa har ta kasa tashi. Da magariba sai ga shi ya sauko daga mota da ledar burodi a hannu. Ashe takwaransa ne na wani ƙauye. Su kuma dangin wancan da ke nesa ba su ji da wuri ba, saboda kowa gidan da ba shi ba yake ta bugawa. Wanda ya turo saƙon ba mugu ba ne, gaggawa ce ta sa ya ga rubuta kalma biyu ɓata lokaci ne.

Ba cewa nake yi ka riƙa jero sunan mutum da na kakanninsa a kowace jimla ba. Ka kawo shi cikakke a karon farko: sunan yanka, da jelar da aka san shi da ita, da garin sarautarsa in yana da ita. Daga nan ka taƙaita yadda Hausa ke taƙaitawa, ka ce Malam Aminu, ko marigayin, ko Janar ɗin, ko gwamnan. Idan sanarwar rasuwa ce ko ta sata, ka ƙara da sunan uba da unguwa, ka sake karantawa kafin ka tura.

Ga aikin gida ga ɗalibai. Mamman uku: Shata da Vatsa da Daura. Kowanne a wane fage aka san shi, kuma wanne daga cikin jelolin nan uku ne ba za ka iya kiran mai ita da ita kaɗai ba? Ku faɗi dalili.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba yankinmu zaman lafiya.