Da Wane Mudu Ake Auna Malamin Malamai? Sharhi a Kan Aikin Ife da Aikin Zariya

1.0 Gabatarwa



Al'ada ce a jami'o'inmu, duk lokacin da tsangayar ilmi ko cibiyar horon malamai ta tashi bikin cika shekaru, sai ta buga ɗan littafi na jerin nasarorinta. A ciki za a ga sunayen malaman da suka zama farfesoshi, da yawan maƙalun da suka gabatar a tarurruka, da tsofaffin ɗaliban da suka zama ministoci ko kwamishinoni ko shugabannin hukumomi. Babu laifi a wannan, domin yabon gwani ya zama dole. Amma mai karatu zai lura da cewa da wuya a ga an ambaci ɗakin aji a irin waɗannan littattafai, alhali kuwa don ɗakin aji aka kafa tsangayar tun farko.

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta yi sharhi a kan wannan mudu da muke awo da shi. Za ta yi haka ta hanyar duba ayyuka biyu da malaman jami'a masu horon malamai suka gudanar a makarantun firamare a shekarun 1970, watau aikin Jami'ar Ife da aikin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ra'ayin da takardar ta tsaya a kai shi ne, a cikin waɗannan ayyuka biyu ne ake ganin mafi girman abin da malaman malamai suka taɓa yi a Nijeriya, kuma mudun da muke amfani da shi a yau ba ya iya auna irinsu, balle ya sa a sake yin kamarsu.

2.0 Mudun da Muka Gada

Wannan ɗabi'a ta auna makarantar horon malamai da muƙaman 'ya'yanta ta girmi jami'o'inmu. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921 aka kuma yi bikin buɗe ta a 1922, an gina ta ne don ta samar da malamai ga makarantun Arewa. Amma in aka tambayi mutum a yau me kwalejin ta haifar, sai ya ce Firimiyan Jihar Arewa da Firayim Ministan Tarayya. Gaskiya ne. Sai dai kafin Ahmadu Bello ya zama Hakimin Rabah a 1934, malami ne a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi shekaru yana koyarwa a Midil ta Bauci har ya zama shugabanta, sannan ya tafi Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan a 1945. Malam Aminu Kano ya bi sahunsa zuwa wannan cibiya a 1946, ya dawo ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, ya kuma koyar a makarantar horon malamai ta Maru kafin ya ajiye aiki a 1950.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan mutane sun bar wa ɗakin aji abin da ake iya taɓawa. Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, daga bisani ya rubuta Magana Jari Ce musamman don karatun yara a makarantu. Tafawa Ɓalewa yana malami ya rubuta Shaihu Umar. Shehu Shagari ya tsara Waƙar Nijeriya don ya sauƙaƙa wa ɗalibai sanin labarin ƙasa da harshensu. Amma masu jera nasarori sukan tsallake wannan su tafi kan rawani da kujera. Darasin da ɗalibin tsangayar ilmi yake ɗauka daga nan ba ɓoyayye ba ne: malamin da ya yi nasara shi ne wanda ya bar alli.

3.0 Aikin Ife

Marigayi Aliu Babatunde Fafunwa, wanda aka haifa a 1923 ya rasu a 2010, misali ne mai kyau don wannan nazari, domin ya cika mudun biyu. In ana maganar muƙami, farfesa ne, ya kuma riƙe kujerar Ministan Ilmi daga 1990 zuwa 1992. In ana maganar rubutu, littafinsa na tarihin ilmi a Nijeriya wanda ya fito a 1974 ya daɗe a hannun ɗalibai. Amma a ganin wannan takarda, babban aikinsa shi ne wanda ya yi tare da abokan aikinsa a wata makarantar firamare da ke Modakeke, kusa da jami'a, daga shekarar 1970.

Tambayar da suka sa a gaba mai sauƙin faɗi ce: in aka koyar da yaro dukkan darussa da Yarabanci har shekara shida, Ingilishi kuma ya zama darasi ɗaya daga cikin darussa, shin zai fi fahimta ko zai koma baya? Da tallafin Gidauniyar Ford suka raba yara rukuni rukuni. Wani rukuni ya yi shekara shida da Yarabanci, wani kuma ya bi tsarin da aka saba, watau Yarabanci a shekara ukun farko, Ingilishi a sauran. A 1973 aka faɗaɗa aikin zuwa ƙarin makarantu goma. Rahoton da aka buga a 1989 ya nuna cewa yaran da aka koyar da harshensu ba su koma baya a Ingilishi ba, a darussa da dama ma sun yi fice.

Ƙarfin wannan aiki a wurare uku yake. Na farko, malaman jami'a sun sauko sun zauna da malaman firamare suna rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Yarabanci, abin da ya tilasta musu ƙirƙiro kalmomi su gwada su a bakin yara. Na biyu, sun yi haƙuri, ba su yanke hukunci da zango ɗaya ba, sun bi yaran har suka gama firamare. Na uku, sun ajiye rukunin da za a gwama da shi, saboda haka maganarsu ta fi ƙarfin zato.

Duk da haka aikin bai tsira daga suka ba, kuma sukar tana da tushe. Yaran gwaji na farko sun sami malami na musamman mai koyar da Ingilishi, da sababbin littattafai, da idon jami'a a kansu kullum. To, da wuya a rabe tsakanin amfanin harshen uwa da amfanin kulawa. Faɗaɗawar 1973 ta rage kaifin wannan suka, amma ba ta kashe ta ba. Haka kuma an yi gwajin ne a yankin da kusan kowa Yarabanci yake ji, saboda haka bai amsa tambayar garuruwa irin su Jos ko Yola ba, inda aji ɗaya kan tara harsuna da yawa. Waɗannan giɓoɓi ne da ya kamata 'yan baya su cike da sabon gwaji, sai ga shi mun fi yawaita ambaton aikin a gabatarwar maƙalu fiye da maimaita shi a makarantu.

4.0 Aikin Zariya

Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1965, ta zo da wani salo dabam. Tun farko an ɗora mata nauyin haɗa kai da ma'aikatun ilmi da kwalejojin horon malamai na Arewa a kan manhaja da jarrabawa. A farkon shekarun 1970, tare da taimakon UNESCO da UNICEF, ta gudanar da Shirin Kyautata Ilmin Firamare, wanda aka fi sani da PEIP, a jihohi shida na Arewa na wancan lokaci. An fara da makarantu kaɗan, daga baya suka kai ɗaruruwa. A wuraren da Hausa ta fi rinjaye, da Hausa ake koyarwa a shekarun farko.

Abin da ya bambanta wannan shiri shi ne malaman horo masu zagaye. Maimakon a kira malamin firamare zuwa kwas na mako biyu a sallame shi, sai a tura masa ƙwararre ya iske shi a makarantarsa, ya zauna a bayan aji ya ga yadda yake amfani da sababbin kayan koyarwa, ya gyara masa, ya kuma komar da labari ga masu rubuta littattafan a Zariya. Wannan hikima ce babba, domin ta gane cewa takardar manhaja ba ta koyar da kowa, sai abin da malami ya iya yi da ita ran Litinin da safe.

In aka gwama ayyukan biyu, za a ga kowanne yana da abin da ɗan'uwansa ya rasa. Aikin Ife ya fi tsauri wajen gwaji, amma ƙarami ne. Aikin Zariya ya fi faɗi, ya fi kusa da halin makarantar ƙauye, amma hankalinsa ya fi karkata ga kyautata koyarwa fiye da tara hujjar da za a kafa wa mai shakka. Kuma ya dogara da abin da ke da tsada, watau abin hawa da alawus da kayan aiki, waɗanda kuɗin waje ya taimaka wajen samarwa. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, a watan Satumba na 1976, aka yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun bayyana. Daga nan bukatar yawa ta danne bukatar inganci. Aka shiga horon gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara don horo daga nesa, salon bin malami aji aji kuwa ya kasa jure wa ambaliyar.

Yana da kyau a tuna cewa maƙwabtanmu na Nijar ma sun buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Harshe ɗaya, matsala ɗaya, lokaci ɗaya. Wannan fage ne na nazarin gwamayya da ke jiran malaman tsangayoyinmu.

5.0 Abin da Muka Yi da Gadon

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta amince a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa, daga baya a koma Ingilishi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a shekara shida na firamare, watau abin da Fafunwa ya gwada shekara hamsin kafin nan. A 2025 kuma aka sanar da janye wannan manufa. Ko mutum yana goyon bayan janyewar ko yana adawa, akwai tambayar da ta hau kanmu: a tsawon waɗannan shekaru, littattafan lissafi da kimiyya nawa muka rubuta da Hausa muka gwada a aji? Malamai nawa muka horar su koyar da ita? Manufar da ba ta da littafi ba ta da malami, ko ba a soke ta ba a soke take.

Haka nan a 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta bayyana cewa malaman firamare sama da 21,000 cikin kimanin 33,000 sun kasa kai makin da aka ɗiba a jarrabawar da ta yi musu. Ƙungiyar malamai ta ƙi yarda da yadda aka shirya jarrabawar, kuma wannan gardama ce mai zaman kanta. Amma mu da muke horon malamai, da masu horon masu horon su, ba mu da damar tsayawa gefe muna kallo. Ɗaliban wa ne? Wa ya sa hannu a takardunsu? Tsangayar da ta ɗauki minista ta sa a jerin 'ya'yanta, tilas ne ta karɓi malamin da ya kasa a matsayin jikanta.

Dalilin wannan hali ba lalaci ba ne, tsarin ƙarin girma ne. Malamin jami'a ya san cewa maƙala a mujalla ita ke kai shi gaba. Shekara shida da zai yi yana bin aji ɗaya, ko littafin aji uku da zai rubuta da Hausa, ko zagayen duba ɗalibai a lokacin koyarwar gwaji, duk ba su da nauyin maƙalu biyu ko uku da zai iya gamawa da takardar tambayoyi a wata guda. Mai hankali kuwa inda ake awo nan yake kai hatsinsa.

6.0 Kammalawa

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wannan takarda tana ba da shawara uku. Ta farko, kwamitocin ƙarin girma a tsangayoyin ilmi su ba littafin firamare da aka gwada a aji, da aikin bin makaranta na shekaru, nauyin da ya dace da wahalarsu. Ta biyu, kowace tsangaya ta riƙi wasu makarantun firamare na kusa da ita, ta haɗa tsaurin gwajin Ife da zagayen Zariya, ta kuma haɗa kai da sassan nazarin harsunan Nijeriya wajen kalmomin fannu. Ta uku, duk lokacin da za a buga jerin nasarori, a buɗe shafi ga tsofaffin ɗaliban da suka yi shekara ashirin ko talatin a aji, a faɗi inda suke koyarwa da abin da ɗalibansu suka iya.

Muƙami da lambar yabo abin so ne, ba mai ƙin su. Amma malamin malamai yana da hujja ɗaya da ba a musunta, ita ce yaron da ya gama aji uku yana karanta wasiƙa da harshensa, yana kuma lissafa canjin mahaifiyarsa ba kuskure. Mutanen Ife da na Zariya sun nemi wannan hujja a shekarun 1970 da kayan aikin da bai kai namu ba. Ya rage gare mu mu ɗora daga inda suka tsaya.

Allah Ya sa mu dace, amin.